Ɗinkakkiyar Taska da Taskar Tarayya

Akwai wata wahala da kusan kowane ɗalibi mai koyon rubuta manhajar kwamfuta yakan gamu da ita, ko a nan kwalejinmu, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a Minna cikin 1983. Yaro zai kwana uku yana fama da aikinsa, ya gwada a kwamfutarsa, ya ga kome daidai. Ran da za a duba, ya kwafe shi a filash, ya kai ɗakin kwamfutoci na makaranta, ya danna, sai na'ura ta ce ita ba ta ga wani fayil wai shi libstdc++-6.dll ba, ko kuwa VCRUNTIME140.dll. Yaro ya yi ta rantsuwa jiya-jiyan nan abin ya yi aiki. Malami kuwa, in bai san kan al'amarin ba, sai ya zaci ƙarya yake yi, ya ba shi sifiri. Alhali kuwa yaron gaskiya ya faɗa, rubutunsa ba shi da aibi ko ɗaya. To, tun da yake gobe ku ne za ku riƙe jan alƙalami, ya kamata ku san abin da ke jawo wannan, don kada ku zalunci ɗan wani a kan laifin da ba nasa ba.

Da farko sai mu tuna yadda manhaja ke zama manhaja. Mutum yakan rubuta umurninsa cikin wani harshe, kamar C ko C++. Kwamfuta ba ta jin wannan harshe, sai an sa mata tafinta ya juya shi zuwa lambobin da take ganewa. Amma tafinta ba ya ɗaukar aikin duka gaba ɗaya. Fayil ɗai-ɗai yake bi, kowanne ya fitar da guntunsa. Waɗannan guntaye za mu kira su ƙyallaye, domin kamar yadda tela ke yanka hannun riga daban, wuya daban, jiki daban, haka suke, ba wanda zai sawu shi kaɗai. A cikin kowane ƙyalle akwai jeri biyu na sunaye: sunayen ayyukan da shi ya ƙunsa, da sunayen ayyukan da yake kira amma ba a jikinsa suke ba. Sa'an nan sai wani ma'aikaci na biyu ya zo, mu ce masa maɗinki. Aikinsa shi ne ya bi kowane suna da aka kira, ya nemo inda yake, ya haɗa bakin da baki har riga ta fita. A Linux sunan wannan maɗinki ld, kuma sau da yawa ɗalibi bai san ma yana nan ba, don gcc ne ke kiransa a ɓoye.

Ba kowane aiki ne mutum ke rubuta wa kansa ba. Wa zai zauna ya koya wa na'ura yadda ake fitar da tushen lamba, ko yadda ake buga harafi a allo, duk sa'ad da zai yi ɗan lissafi? Waɗansu sun riga sun rubuta irin waɗannan, sun tara su wuri guda. Wannan tarin shi muke kira taska. Dabara ce tsohuwa. Cikin 1949 Maurice Wilkes da mutanensa suka gama wata kwamfuta mai suna EDSAC a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ƙananan ayyukan da ake yawan bukata sai suka huda su a kan zirin takarda, suka ajiye cikin kabad. Wanda ke son ɗaya sai ya ɗauko, ya kwafe shi a jikin nasa zirin, ya mayar. Cikin 1951 Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill suka buga littafi suka bayyana wannan hanya. Ku lura da kyau, kwafewa suke yi. Kowa ya tafi da nasa.

Wannan ita ce hanya ta fari, kuma har yanzu tana nan. Maɗinki ya buɗe taska, ya ciro ƙyallen da ake so, ya ɗinke shi a jikin manhaja har abada. Irin wannan taska muna ce mata ɗinkakkiya. A Linux sunanta yakan ƙare da .a, a Windows kuwa da .lib.

Hanya ta biyu ta zo ne saboda ƙarancin wuri. Ƙwaƙwalwar kwamfutocin dā ƙarama ce, ga ta da tsada. Masana suka ga ɓarna ce manhaja hamsin su hau aiki, kowace ɗauke da kwafin abu guda. Sai suka ce, me zai hana a ajiye kwafi ɗaya kowa ya riƙa zuwa wurinsa? An fara wannan sosai a tsarin Multics a Amurka tun wajen 1965, kamfanin Sun ya shigar da shi cikin SunOS 4.0 a 1988, Linux kuma ta daidaita nata wajen 1995. A nan maɗinki ba ya kwafar kome. Rubutu kawai yake bari a jikin manhaja, cewa in an tashe ta a nemo mata taska kaza. Ranar aiki sai wani na uku, mai lodi, ya karanta rubutun, ya tafi ya nemo. Wannan ita ce taskar tarayya. A Linux tana ƙarewa da .so, a Windows da .dll, a kwamfutocin Apple da .dylib.

Mutumin Minna ba ya bukatar dogon bayani a kan bambancin nan, don yana ganinsa kullum a sha'anin ruwa. Wani ya haƙa rijiya a gidansa. Ya kashe kuɗi, ya ci fili, amma ko an ɗauke ruwa wata guda shi bai sani ba. Wani kuwa ya ja famfo daga ruwan gwamnati da ake tacewa a Chanchaga. Ba ya yasa, ba ya sayen guga, in an gyara injin tacewa ruwansa ya gyaru ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Amma ran da bututu ya fashe, sai ya bi 'yan garuwa. Yaron da muka ambata da farko mai famfo ne bai sani ba. A kwamfutarsa akwai taskar, don ta zo tare da tafintan da ya saka, misali MinGW wanda ke biyo Code::Blocks. A kwamfutar makaranta kuwa ba a taɓa saka ta ba. Da ya ƙara kalma guda, watau -static, sa'ad da yake haɗawa da gcc, da ya tafi da rijiyarsa.

Farashin rijiyar kuwa ana iya auna shi. Ɗan gajeren shirin nan na C mai buga gaisuwa a allo, in an haɗa shi da taskar tarayya a Linux bai kai kilobayit 20 ba. In an ɗinke masa taskar glibc a jiki sai ya haura kilobayit 700.

Wahalolin ranar ɗinki

Wadda ta fi yawa ita ce maɗinki ya tsaya ya ce undefined reference, watau an kira wani suna shi kuwa bai ga mai shi ba. Wani lokaci mantuwa ce kurum, ba a faɗa masa taskar ba, kamar mai kiran sqrt bai sa -lm ba. Amma akwai inda ɗalibi ya faɗi taskar sarai, abin kuma ya ƙi. A nan ne ya kamata mu daɗe kaɗan, don dalilin yana da ban sha'awa.

Maɗinkin GNU daga hagu yake bin jerin abin da aka ba shi zuwa dama, sau ɗaya tak, ba ya waiwaye. Yana tafe da takardar bashi, inda yake rubuta sunayen da ake nema ba a samu ba tukuna. In ya iso ga ɗinkakkiyar taska, sai ya duba takardarsa, ya ciro ƙyallayen da ke biyan bashin da ke rubuce a lokacin nan, ya bar sauran, ya wuce. To, ku ce mutum ya rubuta sunan taska kafin sunan fayil ɗinsa. Maɗinki ya iso taska takardarsa fara fat, ba wanda ya nemi kome, saboda haka bai ɗauki kome ba. Can gaba ya tarar da fayil ɗin yana kira, amma an riga an wuce kasuwa. Ƙa'idar ke nan: mai nema a gaba, abin nema a baya. In taskar A na bukatar taskar B, sai a rubuta A sa'an nan B. In kuwa suna bukatar juna, sai a ambaci ɗaya sau biyu, ko a kewaye su da --start-group da --end-group don maɗinki ya yi ta zagayawa har bashi ya ƙare. A dā taskar tarayya ba ta damu da wannan jeri ba, shi ya sa waɗansu tsofaffin littattafai ke rubuta shi yadda suka ga dama. Amma tun daga Ubuntu 11.10, ta shekarar 2011, aka sa maɗinki ya riƙa watsar da taskar tarayya wadda ba a neme ta ba a lokacin da ya iso gare ta, sai misalan littattafan nan suka daina aiki a can.

Wannan hali na ɗaukar abin da aka nema kaɗai yana da wani tarko da ya fi wancan muni, don shi ba ya kuka. Manyan manhajoji akan gina su sassa-sassa, kuma akwai sassan da ba wanda ke kiransu da suna. Su ne da kansu, da zarar an tashi aiki, suke zuwa su rubuta sunansu a rajista, su ce ga mu. In sashen yana cikin taskar tarayya aka loda ta, duk jikinta ke shigowa, sai ya yi rajistarsa lafiya. In aka mai da shi ɗinkakkiyar taska kuwa, maɗinki ya duba ya ga ba mai nemansa, sai ya bar shi a baya. Ɗinki ya ƙare ba ƙorafi, manhaja ta tashi, sashen kuwa babu shi babu dalilinsa. Maganinsa a ce wa maɗinki --whole-archive, watau ya kwashe taskar duka.

Sai kuma mai son ya zuba ɗinkakkiyar taska cikin ta tarayya, maɗinki ya ƙi, ya ce a sake fassarawa da -fPIC. Dalili kuwa, taskar tarayya ba ta san inda mai lodi zai sauke ta cikin ƙwaƙwalwa ba. Yau nan, gobe can. Saboda haka ba ta iya kwatance da lambar gida, ta ce abu kaza yana gida mai lamba 40. Dole ta ce yana gida na uku daga inda nake tsaye. Kalmar -fPIC ita ke sa tafinta ya yi irin wannan kwatance. Ƙyallen da aka yanka ba da ita ba, galibi ba ya shiga taskar tarayya a injunan zamani masu bit 64.

Masu aiki da Windows su kula da abu biyu. A Linux taskar tarayya takan bayyana dukan sunayenta sai wanda aka ce ta ɓoye. A Windows da tafintan Microsoft akasin haka ne, kome a ɓoye yake sai wanda aka yi wa alamar __declspec(dllexport). Na biyu, fayil mai ƙarewa da .lib iri biyu ne. Wani ɗinkakkiyar taska ce ta ainihi, wani kuwa jerin sunaye ne kawai mai nuna hanya zuwa .dll. Ban san wanda ya ga dacewar a ba abu biyu suna guda ba, amma ya wahalar da bayin Allah da yawa.

Wahalolin ranar aiki

Ɗinkakkiyar taska tana gama rigimarta tun a shagon tela. Ta tarayya kuwa takan ajiye tata sai an fita da riga cikin mutane. Mai lodi yana da wuraren da ya saba dubawa, in taska ba ta can sai ya ce bai gan ta ba, ko da tana kwance kusa da manhajar. Windows takan duba inda manhajar take, Linux ba ta dubawa sai an gaya mata. Umurnin ldd yana jera dukan taskokin da manhaja ke nema da inda aka samo kowace. Malamin da ya san wannan umurni guda ya huta da rabin gardama.

Ko an sami taskar ma, sai ta zama irin wadda ake nema. Garin nan namu jirgin ƙasa ne ya raya shi, a nan hanyar da ta taso daga Baro, wadda ta isa Kano cikin 1911, ta gamu da ta Ikko. Sun haɗu ne don faɗinsu ɗaya, ƙafa 3 da inci 6. Ƙaramar hanyar da ta tashi daga Zariya zuwa Jos kuwa ƙafa 2 da inci 6 ce, saboda haka har aka rufe ta cikin 1957 sai dai a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna ta 2016 ita kuma ta fi tamu faɗi, taragon Minna ba ya hawanta. Haka taska take. Wadda aka gina don bit 32 ba ta haɗuwa da manhajar bit 64, ko da sunansu ɗaya, aikinsu ɗaya. Kuma in masu taska suka sake tsarin wani aiki a sabon bugu, tsohuwar manhaja ta miƙa kaya yadda ta saba, sai a yi karo. Don gudun haka ne ake liƙa lamba a sunan taska a Linux, kamar libz.so.1, kuma ba a sake lambar sai faɗin hanya ya sake.

Ga misali wanda za ku gamu da shi lalle. Ubuntu 22.04 tana da glibc 2.35, Ubuntu 20.04 kuwa 2.31. Wanda ya gina manhaja a sabuwar ya kai ta tsohuwar, za a ce masa ba a sami GLIBC_2.34 ba. Wanda ya gina a tsohuwar ya kai sabuwar, lafiya lau. Taska takan san 'ya'yan da suka riga ta, ba ta san na bayanta ba. Saboda haka in za ku raba wa makarantu manhaja, ku gina ta a kwamfutar da ta fi tsufa cikin waɗanda za su yi aiki da ita.

Mafi wuyar ganewa duka shi ne a gauraya hanyoyin biyu ba da lura ba. A ce akwai ɗinkakkiyar taska mai riƙe da wani lissafi guda na manhaja duka. Aka ɗinke ta cikin sashe na ɗaya, aka kuma ɗinke ta cikin sashe na biyu, kowannensu taskar tarayya ne. Yanzu lissafin ya zama biyu. Kamar aji ne mai rajista biyu, malamin safe na kiran suna a ɗaya, hedimasta na duba ɗayar, ya ce yara ba su zo ba. A Windows kullum haka abin yake. A Linux wani lokaci mai lodi yakan haɗe su su zama ɗaya, wani lokaci ba ya haɗewa, gwargwadon yadda aka ɓoye sunaye da yadda aka buɗe taskar. Irin wannan ne ke sa sashe ɗaya ya ari wuri cikin ƙwaƙwalwa, ɗayan ya je mayarwa a inda ba a nan aka ara ba, manhaja ta faɗi ba sallama. Abin da ya zama na kowa, a ajiye shi a taskar tarayya guda, kowa ya je can.

Kada ku zaci maganar ta tsaya ga maki da jarrabawa. Cikin Maris 2002 aka gano wani kuskure a taskar zlib, wadda ake matse fayil da ita, kuskuren da mugu zai iya bi ya yi ɓarna. Masu ita suka gyara nan da nan, suka fitar da bugu na 1.1.4. Waɗanda ke amfani da ita ta hanyar tarayya, fayil guda suka sake, duk manhajojinsu suka warke. Amma ɗaruruwan manhajoji sun ɗinke ta a jikinsu, sai da aka bi su ɗai-ɗai ana nema, ana sake gini. Haka aka sake sha cikin Afrilu 2014 da kuskuren OpenSSL da aka yi wa laƙabi Heartbleed. Rijiya dubu in sun gurɓace, yasa dubu ke nan.

Famfo kuma yana da nasa haɗari, don wanda ya zuba guba a tanki ya shayar da gari. Ran 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya ba da sanarwar cewa an dasa ƙofar ɓoye cikin taskar liblzma ta xz, bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga wata kwamfuta ta hanyar ssh ya ƙara jinkiri da kamar rabin daƙiƙa. Abin mamaki, manhajar sshd mai tsaron ƙofa ba ta kiran liblzma da kanta. A waɗansu irin Linux an haɗa ta da taskar libsystemd, ita kuwa wannan ta jawo liblzma, mai lodi ya shigo da su duka ɗaki guda. Allah ya sa aka gane kafin abin ya kai ga yawancin jama'a.

To, wace za a zaɓa? A ganina, ga irin halin makarantunmu, inda kwamfutoci suka bambanta da shekaru, intanet kuma ba kullum ba, ƙaramin aikin da ɗalibi zai miƙa ko malami zai raba a filash gara a ɗinke shi. Masu harshen Go, wanda Google ya fitar cikin 2009, su ma wannan hanya suka fi bi, don fayil guda ya fi sauƙin ɗauka. Amma duk abin da zai zauna a kan intanet, ko ya riƙe asirin mutane kamar sakamakon jarrabawa, a bar taskokinsa na tsaro a tarayya, don gyara ya riƙa iso masa. Mai niyyar sayar da manhaja kuma ya karanta sharaɗin taskar da ya ɗauka. Waɗanda ke ƙarƙashin lasin LGPL, kamar glibc, sun wajabta a bar wa mai saye hanyar sake taskar da wata, abin da ke da sauƙi a tarayya, da wuya a ɗinki.

Ga gwajin da za ku yi da ɗalibanku, ba ya cin fiye da darasi guda. Ku rubuta fayil biyu: hisabi.c mai aiki ɗaya da ke tara lamba biyu, da babba.c mai kiran aikin ya buga amsa. Ku fassara na farko da gcc -c hisabi.c, ku mai da shi taska da ar rcs libhisabi.a hisabi.o, sa'an nan ku haɗa da gcc babba.c -L. -lhisabi -o gwaji1. Ku sa wani yaro ya kawo -lhisabi gaban babba.c, aji su ga abin da maɗinki zai ce. Bayan haka ku gina ta tarayya da gcc -fPIC -shared hisabi.c -o libhisabi.so, ku maimaita umurnin haɗawa harafi da harafi, sai dai ku sa wa sakamakon suna gwaji2. Maɗinki in ya tarar da .a da .so wuri guda, ta tarayya yake ɗauka, saboda haka gwaji2 zai ƙi tashi sai kun nuna wa mai lodi hanya da LD_LIBRARY_PATH=. a gaban sunansa. Daga nan ku buɗe hisabi.c, ku mai da tarawa ta zama ɗebewa, ku sake gina libhisabi.so kaɗai, kada ku taɓa sauran. Ku tashi gwaji1 da gwaji2 da lambobi 7 da 3. Na farko zai ce 10, na biyu zai ce 4. Kada ku faɗa musu dalili, ku bar su su nemo.